Yadda Ake Shawo Kan Tashin Zuciya da Amai Lokacin Gashin Ciwon Dajin Kai da Wuya

Tambayar da ta fi yawan fitowa daga bakin majinyata da masu jinyarsu ita ce yadda za a yi da tashin zuciya da amai idan an shiga makonnin gashi, wato maganin da ake yi ta hanyar haska wa wurin ciwon daji wani haske mai ƙarfi daga na'ura, musamman lokacin da baki da maƙogwaro suka yi rauni har abinci ya daina wucewa. Gashin ciwon dajin kai da wuya yakan ɗauki makonni shida zuwa bakwai, kwana biyar a kowane mako, wato zama 30 zuwa 35 ga mafi yawan mutane. Hasken da ake haska wa wuya shi kaɗai ba ya cikin masu tsananin tayar da zuciya idan aka kwatanta da wanda ake haska wa ciki, saboda haka idan majinyaci yana fama da amai, galibi akwai wani dalili a kusa da za a iya ganowa a magance. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda matsalolin suke zuwa, kuma ba su maye gurbin umarnin likitan da ke duba majinyacin ba.

1. Shiri kafin zama na farko

A tambayi likita abubuwa uku tun kafin a fara: ko za a haɗa gashin da kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sakawa ta jijiya ko a sha), wane maganin tashin zuciya za a tafi da shi gida, da kuma lambar wayar da za a kira idan jiki ya rikice da dare ko a ƙarshen mako. Tambaya ta farko ita ce mafi muhimmanci, domin maganin kemo da aka fi haɗawa da wannan gashi, wato cisplatin, yana cikin mafi tsananin jawo amai a duk magungunan daji. Ana ba da shi ko dai sau ɗaya a kowane mako uku, ko kuma ƙaramin adadi sau ɗaya a mako, kuma ya kamata majinyaci ya san wanne daga ciki aka tsara masa.

Kayan da za a tanada a gida ba su da yawa: ma'aunin zafin jiki, sikelin awon nauyi, buroshi mai laushi irin na yara, gishiri, bakin soda (wato baking soda), injin markaɗe, gorar ruwa mai alamar awo, roba mai murfi ta tofar da kaki, da ƙaramin littafin rubutu. Abin da ke cin kuɗi sosai shi ne zirga-zirgar kullum zuwa asibiti, magungunan tashin zuciya, da madarar ƙarin kuzari ta kwalba idan masanin abinci ya rubuta ta. A roƙi likita ya rubuta ainihin sunan magani maimakon sunan kamfani, domin sau da yawa ana samun irinsa mai rahusa da ke aiki iri ɗaya.

Gargaɗi: a nuna wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya da ƙwayoyin bitamin. Wasu suna wahalar da ƙoda ko hanta, wasu kuma suna iya rage tasirin maganin dajin kansa.

2. A gano abin da ke tayar da zuciyar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ke bambanta wanda ya sami sauƙi da wanda ya sha wahala har ƙarshe. Majinyaci yakan ce wa likita, "Zuciyata na tashi," likita ya ƙara magani, a koma gida abin bai sauya ba, domin ba a taɓa tushen matsalar ba. A riƙa rubuta lokacin da tashin zuciyar ya zo, abin da aka ci ko aka sha kafin nan, magungunan da aka haɗiya, yawan aman, da ranar da aka yi bayan gida na ƙarshe. Bayan kwana uku ko huɗu, rubutun yakan nuna inda matsalar take.

Idan abin ya fi tsanani kwana biyu zuwa uku bayan kemo, sannan ya lafa wajen kwana na biyar, to kemo ne. Idan da asuba ne ko bayan tari, kuma abin da ke fitowa yauƙi ne mai kauri, to kaki ne da ya taru a maƙogwaro. Idan ya fara ne a makon da aka soma shan maganin ciwo mai ƙarfi kamar codeine ko morphine, ko ciki ya cushe an kwana uku ba a zaga ba, to a nan za a duba. Idan kuwa zuciyar na tashi ne tun a hanyar asibiti, ko da an shaƙi warin ɗakin gashi, wannan fargaba ce da jiki ya saba da ita, kuma tana da nata maganin. Masu dajin bayan hanci suna iya samun tashin zuciya daga hasken kansa, saboda yana bi ta kusa da ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke sarrafa amai. Mutum ɗaya yana iya haɗa dalili biyu ko uku a mako guda.

3. Shan magani kafin abin ya taso

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye maganin tashin zuciya har sai amai ya zo. Tare shi ya fi sauƙi a kan kwantar da shi bayan ya tashi, kuma ƙwayar da aka haɗiya a tsakiyar amai ba ta zama a ciki balle ta yi aiki. Idan likita ya ce a sha a kai a kai, a bi agogo ko da ana jin lafiya lau, musamman a kwanakin da ke biye da kemo. Idan an rubuta shi don zaman gashi ne, a sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a shiga.

Kowane magani yana da halinsa, kuma sanin halin yana rage firgici. Ondansetron yana da ƙarfi, amma yana taurara bayan gida kuma yana iya sa ciwon kai, sannan mai ciwon zuciya ya sanar da likita kafin ya fara shi. Metoclopramide yana taimaka wa ciki ya tura abinci gaba, sai dai ba a so a wuce kwana biyar a jere ba tare da umarnin likita ba, kuma idan ya sa mutum kasa zama wuri ɗaya, ko wuya da fuska suka fara murɗewa, a dakatar da shi a kira asibiti nan take. Dexamethasone yana hana barci idan aka sha shi da yamma, yana sa shaƙuwa, yana kuma ɗaga sukarin jini, saboda haka mai ciwon sukari ya ƙara yawan gwaji a kwanakin da yake shan sa. Ga masu karɓar cisplatin, likitoci sukan haɗa da aprepitant ko olanzapine, na biyun kuwa yana sa barci, don haka da dare ake shan sa.

Idan magani bai yi aiki ba cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira ranar ganin likita ta mako, a faɗa wa ma'aikatan sashen gashi washegari. Haka kuma idan haɗiyar ƙwaya ta gagara, akwai na ruwa, akwai mai narkewa a kan harshe, akwai na sakawa ta dubura, akwai allura. Mai narkewa a kan harshe yana buƙatar danshi, saboda haka a jiƙa baki da ruwa kafin a ɗora shi.

Gargaɗi: kada a ninka magani don an ga bai yi aiki ba, kuma kada a daka ƙwaya don a zuba ta a ruwa ko a tiyon abinci sai an tambayi mai harhaɗa magunguna, domin wasu an yi su ne don su narke a hankali cikin awanni masu yawa, kuma dakawa na sakin ƙarfinsu gaba ɗaya a lokaci guda.

4. Ranar gashi

A ci abu mara nauyi kamar awa biyu kafin zama. Zuwa da ciki wayam yana tayar da zuciya, zuwa da ciki a cike kuma ya fi muni, tunda za a kwanta rigingine a ɗaure kai da takunkumin roba mai raga wanda aka ƙera daidai da fuskar mutum. Kafin a hau gadon, a kuskure baki, a tofar da duk kakin da za a iya fitarwa.

Tsoron yin amai a cikin takunkumi shi ne abin da ke damun mutane da yawa, kuma kunya kan hana su faɗa. A faɗa. Ma'aikatan suna kallon majinyaci ta kyamara a duk tsawon zaman, suna kuma jin sa, kuma cire takunkumin ba ya ɗaukar fiye da daƙiƙu kaɗan. A yi yarjejeniya da su a kan alama, misali ɗaga hannu, a kuma yi amfani da ita da zarar an ji miyau ya fara taruwa, kada a tsaya daurewa. Numfashi ta hanci a hankali, ana ƙirga huɗu wajen shaƙa da shida wajen fitarwa, yana taimaka wa wasu su kai ƙarshen zaman, wanda yawanci ba ya wuce minti 10 zuwa 20. Wanda fargaba ta fi ƙarfinsa, likita na iya ba shi ƙaramin maganin kwantar da hankali irin su lorazepam, amma to ranar ba zai tuƙa mota ba.

Gargaɗi: kada majinyaci ya yanke wa kansa hukuncin fashin zama don jiki ba daɗi. Ƙwayoyin wannan dajin suna saurin hayayyafa idan aka ba su tazara, kuma tsawaita lokacin gashi yana rage damar warkewa. A je asibitin a yadda ake, a bar likita ya yanke shawara.

5. Kaki mai kauri

Daga mako na biyu ko na uku, hasken yakan fara raunana gaɓoɓin da ke samar da miyau. Miyau mai ruwa-ruwa ya ragu, a bar wani yauƙi mai danƙo kamar ƙaro wanda ke manne wa maƙogwaro, ba ya haɗiyuwa, ba ya tofuwa. Da dare yana taruwa, mutum ya farka yana kakari, hawaye na zuba, ya yi ta yunƙurin amai alhali babu komai a cikinsa. Irin wannan ba ya jin maganin amai sosai, sai an tsinka kakin.

A haɗa ruwan kuskure baki kowace safiya: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ƙaramin cokali ɗaya na bakin soda. A kuskure a tofar kafin cin abinci da bayansa, kafin barci, da kuma kowane awa biyu idan kakin ya yi yawa. Abin da ya rage a zubar da shi washegari a haɗa sabo. Idan gishirin ya fara zafi a baki, a rage shi, a bar sodar yadda take. Wasu asibitocin suna ba da na'urar turara ruwan gishiri da ake shaƙa, kuma tana aiki sosai idan aka yi amfani da ita kafin abinci da kafin kwanciya. Akwai kuma magungunan tsinka kaki da likita ke iya rubutawa. A kwanta da kai a ɗage bisa matashi biyu ko uku, a ajiye ruwa, tsumma mai laushi da robar tofi inda hannu zai kai cikin duhu. Da safe kada a tashi a nufi abinci kai tsaye, a fara da kuskure baki, a jira kwata ɗaya na awa.

A riƙa duba baki da tocila kullum. Farare-fararen tabo a harshe ko cikin kumatu, masu kama da guntun madara, alama ce ta ciwon fungus (wani nau'in ƙwayar cuta), wanda ke yawan kama masu gashi, yana ɓata ɗanɗano, yana ƙara tashin zuciya, kuma yana jin magani da wuri idan an sanar.

Gargaɗi: ruwan wanke baki na kanti mai ɗauke da barasa yana ƙona bakin da ya riga ya yi rauni. Taba da giya kuwa suna tsananta duk abin da aka lissafa a wannan mataki.

6. Ci da sha

A nan ne shawarwarin da aka saba ba mai tashin zuciya suke iya cutarwa. 'Yan uwa sukan kawo lemon tsami, citta, busasshen biskit ko lemo mai gas, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. A mako na farko waɗannan na iya taimakawa, amma da zarar baki ya fara salewa, tsami da yaji suna zama azaba, busasshen abu kuma yana karce maƙogwaro. Abin da ya dace shi ne mai laushi, mai danshi, wanda bai da zafi kuma bai da ƙamshi mai ƙarfi: dafaffen ƙwai mai taushi, dankali da aka dama, shinkafar da ta dahu ta yi lugub, yogot mara tsami, romo da aka tace, kifi da aka markaɗa, madara da aka haɗa da hatsi mai laushi.

A manta da tsarin cin abinci sau uku. A ci kaɗan-kaɗan sau shida zuwa takwas, bisa agogo, ba tare da jiran yunwa ba, domin yunwar ba za ta zo ba. Ƙaramin faranti ya fi, saboda ganin abinci mai yawa kawai na iya tayar da zuciya. A bar abinci ya huce, tunda tururi ne ke ɗauke da warin, kuma majinyaci ya nisanci inda ake girki. Idan komai yana ɗanɗanon ƙarfe a baki, a gwada cokalin roba. Bayan an ci, a zauna a miƙe na tsawon awa ɗaya. Idan haɗiya na ciwo, a sha maganin ciwo minti 30 kafin abinci, ko a yi amfani da ruwan kashe zafin baki da likita ya bayar.

Ruwa yana buƙatar lissafi. A nufi kusan lita biyu a yini, ana kurɓa a kai a kai a tsakanin abinci, sai fa wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Ƙarancin ruwa yana ƙara wa kaki kauri, yana taurara bayan gida, yana ƙara tashin zuciya, kuma ga mai karɓar cisplatin yana iya lalata ƙoda. Launin fitsari shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi: idan ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

Ga masu jinya: matsa wa majinyaci da cewa "daure ka ƙara loma ɗaya" yakan ƙare da amai da ɓacin rai. A ajiye abincin kusa da shi, a ɗauke idan ya ƙi, a sake kawo wani bayan awa ɗaya.

Gargaɗi: idan majinyaci yana tari ko ƙwarewa duk lokacin da ya sha ruwa, ko muryarsa ta zama kamar mai ruwa a maƙoshi, a sanar da asibiti a ranar, domin abin na iya gangarawa huhu.

7. Bayan gida

Magungunan ciwo masu ƙarfi da ondansetron duk suna ɗaure ciki, kuma cikin da ya ɗaure yana mayar da abinci sama. Duk wanda aka fara ba morphine ko codeine ya nemi maganin sassauta bayan gida tare da shi tun ranar farko. Idan an kai kwana uku ba a zaga ba, a faɗa. Tashin zuciyar da morphine ke kawowa yakan lafa cikin mako guda, saboda haka kada a daina shan sa ba da shawara ba, domin ciwon zai dawo ya hana ci gaba ɗaya.

Gargaɗi: ibuprofen da diclofenac suna iya cutar da ƙoda ga mai karɓar cisplatin. Farasitamol kuma yana ɓoye zazzaɓi, don haka a auna zafin jiki kafin a sha shi.

8. Idan amai ya zo

A zauna a sunkuya gaba, ko a kwanta a gefe ɗaya, kada a kwanta rigingine. Bayan ya lafa, a kuskure baki da ruwan soda, a jira minti 30 kafin a goge haƙori, saboda tsamin ciki yana tausasa fatar haƙori, kuma haƙoran mai gashi sun riga sun rasa kariyar miyau. A huta na rabin awa, sannan a fara da cokali ɗaya na ruwa kowane minti biyar zuwa goma, a ƙara a hankali. Ruwan gishiri da sukari na fakiti yana mayar da abin da jiki ya rasa. Idan an amayar da magani jim kaɗan bayan shan sa, a kira a tambaya kafin a sake sha.

9. Awon nauyi da batun tiyon abinci

A hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata guda, wato kilo 3 ga mai kilo 60, ta isa a sanar da likita da masanin abinci. Rama tana hana rauni warkewa, tana kuma sa takunkumi ya yi sako-sako, har a kai ga sake ɗaukar hoto da sake tsara gashin.

Iyalai da yawa suna firgita idan aka ambaci tiyon abinci, suna ɗaukar sa alamar cewa ciwo ya ci ƙarfin mutum. A wannan gashin, tiyon hanci ko na ciki kayan aiki ne na ɗan lokaci ga mafi yawan waɗanda aka saka wa, kuma karɓar sa da wuri ya fi jira har jiki ya ƙare. Idan abincin tiyo yana tayar da zuciya, yawanci sauri ne ya yi yawa ko adadin ya yi yawa a lokaci guda. A rage gudu, a bar abincin ya bar sanyin firji, a zauna a ɗage lokacin zubawa da kuma awa ɗaya bayansa, a wanke tiyon da ruwa kafin da bayan kowane amfani. Ko da akwai tiyo, a ci gaba da haɗiyar ruwa ko abu mai laushi kullum idan masu duba haɗiya sun amince, domin tsokokin maƙogwaro suna sandarewa idan aka daina aiki da su.

Gargaɗi: bayan amai mai ƙarfi, tiyon hanci na iya gocewa daga ciki. Kada a zuba komai sai an tabbatar yana inda ya kamata, ta hanyar da ma'aikatan jinya suka koyar.

10. Alamomin da ba a kwana da su

A kira asibiti ko a tafi sashen gaggawa ba tare da jiran safiya ba idan zafin jiki ya kai digiri 38, ko ana rawar sanyi, musamman ga mai karɓar kemo, domin garkuwar jikinsa na iya yin ƙasa sosai kuma ƙwayar cuta na iya yaɗuwa cikin awanni. Haka nan idan ruwa ya ƙi zama a ciki na tsawon yini guda, idan an yi awa 12 ba fitsari, idan akwai jini a amai ko aman ya yi baƙi-baƙi, idan jiri yana hana tsayuwa, idan mutum ya rikice ko barci ya yi masa nauyin da bai saba ba, ko numfashi yana wahala ko yana fitar da ƙara. Ƙarar kunne, raguwar ji, ko mutuwar yatsu kuwa a faɗe su kafin zagayen cisplatin na gaba. A tafi da takardar magunguna da littafin rubutun nan, a kuma faɗa wa duk wanda ya fara duba majinyacin cewa yana kan gashi da kemo.

11. Bayan zama na ƙarshe

Mutane da yawa suna ajiye magunguna ranar da aka gama, suna tsammanin sauƙi washegari. Tasirin hasken yana ci gaba da taruwa, kuma mako ɗaya zuwa biyu bayan kammalawa su ne sukan fi tsanani, a daidai lokacin da majinyaci ya daina ganin ma'aikata kullum. A ci gaba da kuskure baki, lissafin ruwa, awon nauyi da maganin tashin zuciya kamar yadda ake yi, a kuma tabbatar kafin barin asibiti cewa maganin da ke hannu zai kai ranar dawowa. Raunin baki yakan fara warkewa cikin makonni huɗu zuwa shida, kaki yana tsinkewa a hankali, ɗanɗano kuwa yana iya ɗaukar watanni, bushewar baki ma tana iya daɗewa fiye da haka. Maganin ciwo mai ƙarfi ba a yanke shi lokaci guda, likita ne zai tsara yadda za a riƙa rage shi, kuma tashin zuciyar da ya ƙi lafawa bayan makonni uku da gama gashi yana buƙatar a sake duba majinyaci tare da gwajin jini.